Tarihin Hoto a Ƙasarmu da Amanar da ke Hannun Ɗalibanmu

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a duk lokacin da aka tashi rubuta tarihin wani gari a ƙasar Hausa, abin da aka fi dogara da shi shi ne bakin dattawa, sai kuma 'yan takardun da Turawan mulki suka bari a ɗakin ajiyar kayan tarihi na Kaduna. Amma akwai wata hanya ta uku wadda ba mu cika ba ta muhimmanci ba, wato hoto, alhali kuwa magabata sun riga sun ce gani ya kori ji. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda hoto ya shigo ƙasar Katsina, da irin abin da masu kyamara suka zaɓa suka ɗauka a kowane zamani, da kuma abin da suka tsallake. Fatanmu shi ne mu 'yan asalin Kuki da kewayenta, musamman mazauna Katsina da Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, mu fahimci nauyin aikin da ke gaban 'ya'yanmu ɗalibai, waɗanda a yau da wuya ka sami wanda ba ya yawo da kyamara a aljihunsa.

Asalin Sana'ar

Tushen ilmin hoto ya daɗe ƙwarai. Duk wanda ya taɓa kwanciya a cikin soro mai duhu da rana tsaka, ƙofa a rufe, ya san yadda haske kan shigo ta ɗan ƙaramin rami ya zana inuwar masu wucewa a jikin bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wannan al'amari shi ne malamin nan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi wa cikakken bayani a littafinsa na ilmin gani. Ita kanta kalmar kyamara ta samo asali ne daga harshen Latin, ma'anarta kuwa ɗaki. Abin da ya gagari mutane tsawon ƙarnuka shi ne yadda za a kama wannan inuwa ta zauna daram a kan wani abu.

Sai a shekarar 1839 aka bayyana wa duniya a birnin Faris hanyar da wani Bafaranshe mai suna Daguerre ya gano, ta amfani da sinadarin azurfa wanda kan sauya idan haske ya taɓa shi. A farko aikin na masu hali ne, saboda nauyin kaya da tsadar magunguna. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai fim a naɗe, sa'an nan a 1900 kamfaninsa ya fito da wata ƙarama mai suna Brownie wadda ake sayarwa dala 1, aka kuma tallata ta musamman ga yara 'yan makaranta. Daga nan ne hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga hannun talakawa da ɗalibai. A nan Nijeriya kuwa, tun kafin ƙarshen ƙarni na 19 an sami 'yan ƙasa masu wannan sana'a a bakin teku, kamar Jonathan Adagogo Green na garin Bonny, wanda ya ɗauki hoton Sarkin Bini Ovonramwen a 1897 lokacin da Turawa suka tuɓe shi za su kai shi gudun hijira, da kuma George Da Costa wanda ya buɗe shagonsa a Ikko a 1895.

Baƙon da ya Bi ta Kurfi

Kafin kyamara ta iso gare mu, alƙalamin baƙi ne ya fara zana ƙasarmu. Bajamushen nan Dakta Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga birnin Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853. A wannan zuwa na biyu, da ya tashi tafiya Sakkwato a watan Maris, bai miƙe yamma kai tsaye ba saboda tsoron harin Gobirawa da Maraɗawa, sai ayarinsu ya kewayo ta kudu, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka. Ya rubuta bayanin duwatsun Kurfi da irin ganuwa da gwalalon da mutanen garin suka yi don kare kansu, ya kuma ambaci itatuwa da amfanin gonar da ya gani a hanya.

Duk da darajar wannan aiki, ya kamata mai karatu ya lura da abu guda. Barth ba ya ɗauke da kyamara, da fensir yake zane. Da ya koma Turai aka buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i 5 a tsakanin 1857 da 1858, wani mai zane ne da ake kira Bernatz, wanda bai yi wannan tafiya tare da shi ba, ya ɗauki zane-zanen ya ƙawata su don bugawa. Ke nan siffar ƙasar Hausa da Turai ta gani a wannan littafi ta bi ta hannu biyu, kuma duka biyun na baƙi ne. Haka al'amarin ya ci gaba har kusan shekara ɗari: wani ne ke zuwa ya dube mu, ya zaɓi abin da ya ba shi sha'awa, ya tafi da shi gida.

Kyamarar Zamanin Turawa

Turawan Ingila ƙarƙashin Gwamna Lugga sun shiga Katsina a 1903, kuma da yawa daga cikin jami'ansu, rasdan da di'o da likita da malamin makaranta, suna da kyamara a cikin kayansu. Idan aka duba hotunan da suka rage daga wannan zamani, za a ga abin da ya fi yawa shi ne sarakuna da hakimai a kan dawakai, da dogarai, da hawan salla, da ƙofofin gari, da hasumiyar Gobarau. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya rasu a 1944, yana cikin sarakunan Arewa da aka fi ɗauka hoto, musamman saboda tafiyar da ya yi zuwa Makka da Ingila a 1921, da kuma wasan folo da ya bunƙasa a zamaninsa, wanda ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kai.

Haka kuma Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a watan Maris na 1922, ta bar mana hotunan ɗalibai a jere sahu-sahu, malamansu na zaune a gaba. A irin waɗannan sahu ne aka sami su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Isa Kaita tun suna samari. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, ginin nata na ƙasa kuwa ya zama gidan tarihi. Ta sama ma an dube mu, domin bayan jiragen sama na farko sun sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925, wani matuƙi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Walter Mittelholzer ya ratso hamada a ƙarshen 1930 ya ɗauki hotunan birnin Kano daga sama, kuma hotunan na nan a ajiye a birnin Zurik.

Daga watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, ta haka hoton da aka buga a takarda ya shiga zaurukan malamai da ofisoshin hakimai. Bayan haka motar majigi ta riƙa zagaya garuruwa tana nuna wa jama'a hotuna masu motsi a jikin farin ƙyalle, kan noman auduga da tsabta da yaƙi da jahilci. Sai dai duk wannan daga sama yake sauko mana. Talaka ɗan ƙauye mai kallo ne kurum, in kuwa ya fito a hoto, to ya fito ne a cikin taron da ke bayan dokin hakimi, ba suna ba asali.

Masu Hoton Kasuwa da na Makaranta

Bayan samun mulkin kai a 1960, sana'ar ta sauko kusa da mu. Yawancin masu shagunan hoto na farko a biranen Arewa mutanen kudu ne mazauna Sabon Gari, daga wurinsu kuma yaranmu suka koya. Waɗanda suka kai shekarunmu za su tuna mai hoton nan na bakin kasuwa, da akwatinsa na katako mai ƙafa uku, yana lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya wanke hoton nan take a cikin akwatin, ya ɗauraye shi a bokiti, ya miƙa maka da sauran danshinsa. Buƙata ce ke kai mutane wurinsa: fasfo na maniyyaci, takardar jarrabawa, lasin tuƙi, neman aikin En'e. Daga baya aka sami masu yawo a kan keke ko babur ran salla da ran biki, sa'an nan hoto mai kala ya yawaita a shekarun 1980, ana tara fim a kai birni a wanko.

Mu da muka yi aikin koyarwa mun san wani nau'in hoton na daban, wato hoton aji na ƙarshen shekara. Bayan an ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, shekarar da Dutsin-Ma ta zama ƙaramar hukuma, makarantu sun yawaita a ƙauyukanmu, kuma hedimasta kan yi ƙoƙari ya gayyato mai hoto idan 'yan aji na ƙarshe za su fita. Kada a raina waɗannan hotuna. Marigayi Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shiga makarantar firamare ta kwana ta Dutsin-Ma a 1962, saboda haka duk mai hoton ɗaliban wannan makaranta na waɗancan shekaru yana riƙe da wani yanki na tarihin Nijeriya a cikin adakarsa.

Amma a nan ma akwai giɓi. Fim yana da tsada, yawanci hoto 12 ko 24 ko 36 ne a naɗi guda, don haka ba wanda zai ɓata shi a kan turmi ko rumbu. Mutum kan yi wanka, ya sa rigarsa ta salla, ya tsaya a gaban labulen da aka zana wa benaye da jiragen sama, ya ɗora hannu a kan rediyon da ba nasa ba. Sakamakon haka muna da fuskokin iyayenmu a ranar ado, amma gidan da suka zauna da gonar da suka noma da kayan da suka yi aiki da su kullum ba su shiga hoto ba.

Matsayin Malamai

Ba za a yi tarihin hoto a ƙasar Musulmi a tsallake maganar hukuncinsa ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai. Wasu sun haɗa shi da sassaƙa da zanen da aka hana, wasu kuma, kamar Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit wanda ya rasu a 1935, sun ga cewa kyamara tana tsare inuwa ne kamar yadda madubi ke nuna ta, don haka suka halatta. Akwai dattawanmu da suka ƙi yarda a ɗauke su hoto sai da tafiya hajji ta tilasta, kuma muna girmama matsayinsu. Abin da ya shafi maƙalarmu shi ne, an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zanen itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Ke nan hoton kuka da dutse da akushi da zaure ba ya cikin abin da aka yi jayayya a kansa, kuma nan ne daidai inda giɓin tarihinmu ya fi faɗi.

Matasan da suka Dubi Abin da aka Raina

Tarihi ya nuna cewa waɗanda suka cike irin wannan giɓi a wasu wurare yawanci matasa ne da masu koyo. Wani jami'in ilmi mai suna Duckworth, wanda ya shirya mujallar malaman makaranta ta Nijeriya tun daga 1933 ya kuma riƙe ta har 1953, ya cika shafukanta da hotunan masu sana'a da kasuwanni da tsirrai, don malamai su koya wa yara darajar abin da ke kewaye da su. Dubban hotunansa suna ajiye a Jami'ar Northwestern ta Amurka. A Zariya kuma, a 1958, wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turai ba, za su nemi abin zanawa a cikin al'adun gida. Masu zane ne su, amma darasin da suka bari ya shafi duk mai riƙe da kyamara.

Misali mafi kusa da abin da muke nufi shi ne na J. D. Ojeikere. Ya sayi kyamarar Brownie a 1950 yana ɗan shekara 20, ya fara aiki a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a Badun a 1954. Daga 1968 ya ɗauki aniyar adana hoton kitson mata, abin da kowa ke gani kullum ba ya ɗauka a bakin komai. Kafin rasuwarsa a 2014 ya tara hotunan kitso kusan 1,000, kowanne da sunansa, kuma an baje su a manyan gidajen nune-nune na duniya. Da yawa daga cikin waɗannan nau'o'in kitso an daina yin su, hotunansa ne kaɗai shaida.

A fannin gine-gine kuwa, wani masani ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya yi aiki da Hukumar Kayan Tarihi daga 1958 zuwa 1965, ya sake dawowa a 1972. Ya horar da samari 'yan Nijeriya suka riƙa auna gine-ginen gargajiya suna zanawa suna ɗaukar hoto. Da wannan aiki ne aka gina kwatankwacin masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da wani sashe na gidan Sarkin Katsina da ganuwar Kano, a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. An buga sakamakon binciken cikin juzu'i 3 a 1990, bayan rasuwarsa.

Can a ƙasar Sin, a 1992, wasu masu bincike biyu, Caroline Wang da Mary Ann Burris, sun raba wa matan karkara 62 na lardin Yunnan kyamarori don su ɗauki rayuwarsu da kansu. Da aka baje hotunan a gaban mahukunta, aka ga yadda jarirai ke kwance a gefen gona iyayensu na aiki, aka ga 'yan matan da ke raino a lokacin makaranta, sai aka buɗe wuraren renon yara aka kuma tanadi tallafin karatun mata. A nan gida ma, Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da bukukuwa, a daidai lokacin da duniya ba ta san Borno da komai ba sai tashin bam.

Abin da ke Salwanta a Gabanmu

A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, ba a daɗe ba kuma aka haɗa ta da kyamara. Fim ya ja baya ƙwarai, har kamfanin Kodak ya shiga halin fatara a 2012. Yau ƙaramar hukumarmu tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da aka kafa a 1991, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ban da makarantun sakandare. Adadin kyamarorin da ke hannun ɗaliban waɗannan makarantu ya ninka duk abin da Turawan mulki suka taɓa shigowa da shi lardin Katsina. To, me ya kamata su ɗauka?

Na farko shi ne daji da abin da ke cikinsa. Wanda ya san ƙasar nan kafin farin 1973 da na 1984 ya san gonakinmu cike suke da ɗorawa da kaɗanya da kanya da tsamiya da ɗinya da marke da ƙirya. Fari da gatarin masu itace da gawayi sun rage su ƙwarai, darbejiya kuwa, wadda baƙuwa ce daga Indiya da aka fara dasawa a Borno a 1928, ta mamaye gari har yara na zaton da ita aka halicci ƙasar. Ɗalibin da ya zaɓi gawo guda ya riƙa ɗaukarsa kowane wata har shekara ta zagayo, zai nuna da idonsa abin da manomi ya daɗe da sani, cewa gawo kan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Haka tsuntsaye. Ungulun da muka saba gani a mahauta, a 2015 hukumar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Gauraka da burtu sun yi wuyar gani. Ranar da shamuwa ta fara sauka a gari kowace shekara, in aka ɗauke ta hoto da kwanan wata shekara goma a jere, an sami ma'aunin damina da zai amfani masana. Ga kuma madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka kammala a 1983, ta kawo kamun kifi da noman rani, ta kuma sauya tsarin zaman garuruwan da ke gaɓarta.

Na biyu shi ne kayan amfanin yau da kullum. Roba ta kori akushi da ƙwarya da ludayin duma, jarka ta kori tulu, injin niƙa ya kori dutsen niƙa, fitila mai batir ta kori aci-bal-bal da fitilar ƙwai. Mazari da abawa da gwado da taskira da adudu da mangala da sanho da zunguru da gafaka sun zama kalmomin da sai an yi wa jikokinmu na birni fassara. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana dubban irin waɗannan kalmomi, har yana nuna waɗanda na Katsinanci ne, amma kalma ba tare da siffa ba rabin sani ce. Ko anini da sisi da sule, kuɗin da aka yi amfani da su kafin zuwan naira da kwabo a 1973, suna nan a ƙasan adakar tsofaffi suna jiran mai ɗauka.

Na uku shi ne muhallin da mutum ya gina wa kansa: zaure da shigifa da soro mai azara, rumbu da rufewa, rijiya da bakin marina, maƙera da rumfunan kasuwa, makarantar allo da wutar ƙiskali. Bulo da kwano suna maye gurbin tubali da makuba, wannan kuwa ci gaba ne da ba mai ƙin sa, sai dai ya kamata a ɗauki hoton tsohon ɗaki kafin a rushe shi. Daɗin daɗawa, matsalar 'yan bindiga da ta addabi garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ta tashi ƙauyuka da dama, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Ƙauyen da ya watse, damina biyu ko uku ta isa ta mayar da shi kufai. Yaron da aka goya aka fita da shi daga irin wannan ƙauye, in ya girma ya tambayi kamannin gidansu, hoto ne kaɗai zai iya ba shi amsa.

Ƙa'idojin Aiki

Hoton da zai zama hujjar tarihi yana da sharuɗɗa. Dole ne a rubuta ranar da aka ɗauke shi, da sunan unguwa ko ƙauye, da sunan abin kamar yadda mutanen wurin ke faɗa, da amfaninsa, da wanda ya ƙera shi in an sani. Hoton da ba bayani maraya ne, shi ya sa da yawa daga cikin na zamanin Turawa suka rage daraja. Wannan zai tilasta wa ɗalibi ya durƙusa gaban kakarsa ya yi tambaya, wanda shi kansa riba ce.

Sai neman izini. Ba a shiga gidan mutum da kyamara sai da yardar maigida, ba a ɗaukar matan aure da yara sai an amince, kuma abin da aka ɗauka don ajiya ba lalle ne a watsa shi a Facebook ba. A halin da ake ciki ma, hoton garke ko na rumbu cike da hatsi tare da sunan ƙauye yana iya jawo wa mai shi masifa, don haka a adana, kada a yaɗa. Kada kuma ɗalibi ya kutsa daji don neman hoto, domin rai ya fi komai. Dangane da fasaha, hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana taushi, kuma yana da kyau a ajiye wani abu sananne kusa da kayan da ake ɗauka don a gane girmansa.

Na ƙarshe shi ne ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiyarta yana lalacewa. Hoton baƙi da fari na 1965 yana nan garau a cikin albam, alhali na waya na shekara biyar da suka wuce ya bi iska. Saboda haka a zaɓi masu muhimmanci a wanke su a takarda, a rubuta bayani da fensir a bayansu, a kuma ajiye kwafi a kwamfuta a wuri fiye da ɗaya.

Kammalawa

Daga zanen Barth na 1853 zuwa yau an haura shekara 170, kuma a mafi yawan wannan lokaci baƙo ne ke riƙe da alƙalami ko kyamara. Yanzu abin ya dawo hannun 'ya'yanmu. Kiranmu ga 'yan uwa mazauna birane shi ne, idan kun kawo yara hutun salla, ku ba su wannan aiki maimakon su wuni a ɗaki suna latsa waya. Ku buɗe adakokinku ku fito da tsofaffin hotunan aji da na biki da na tafiya hajji, ku zauna da dattawa a rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun masu gane su na raye. Shugabannin makarantunmu kuma suna iya ware rana guda a zangon ƙarshe don ɗalibai su baje hotunansu, iyaye su zo su gani su gyara bayanin da aka yi kuskure. Abin da aka tara a ajiye kwafi guda a makarantar gari, a kai wani Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, wani kuma Gidan Arewa da ke Kaduna. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai an bar abin da za a waiwaya a gani. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa zuriyarmu albarka.